Tambayi Magini: Wa Ya Gina Tsohon Ɗakin Sujadar Ƙauyenmu?

Wasiƙu sun taru a wannan wata, yawancinsu kan tsadar siminti da rodi. Masu su su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba. Guda ɗaya ce ta tsaya mini a rai, ita zan ba filin duka.

TAMBAYA

Baba Magini, ina gaisuwa, yaya sanyin Jos? Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Mangu, amma aiki ya kawo ni Abuja, ina zaune a Nyanya. A ƙauyenmu akwai wani tsohon ɗakin sujada, ƙarami, in an matsu zai ɗauki mutum sittin. Daga ƙasa zuwa gwiwa dutse ne, daga nan zuwa sama jar ƙasa, kaurin bangon ya kai kamu guda. Taga uku ce a kowane gefe, masu tsini a sama, da ƙyauren katako. Ta waje akwai wasu guntayen gini da suka jingina da bango kamar suna tokare shi. A ciki ba benci, sai dakalai na ƙasa a jere. Rufin kwano ne, ya yi tsatsa. A saman ƙofa an shafa siminti, an zana gicciye da haruffa huɗu, EKAS. Ƙararrawarmu kuwa guntun ƙarfen dogo ne a rataye a bishiyar mangwaro.

Yanzu mun yi yawa, an kafa kwamitin gina sabuwar majami'a, an kuma sa ni a ciki tun da mu na Abuja ake sa ran mu kawo kuɗi. Wasu dattawa sun ce a rushe tsohon a yi sabon a gurbinsa, ga shi ma bangon gabas ya tsage. Kawuna ya ce Bature ne ya gina shi. Kakata, wadda idonta ya yi rauni yanzu, ta yi dariya ta ce wane Bature, ita da ƙawayenta ne suka yi ta jidar ruwa daga rafi tana budurwa. Baba, wa ke da gaskiya? Ta yaya zan gane shekarun ginin? Kuma ya cancanci a bar shi, ko ƙulafuci ne kawai ke damuna?

Ɗanka, daga Nyanya

AMSA

Ɗana, lafiya ƙalau. Sanyi kam ya sauka, sai da na yafa bargo kafin in zauna rubuta maka amsa. Ka gaishe mini da kakarka, ka ce mata wani tsohon magini a Gangare ya ce ita ce mai gaskiya. Kawunka ma bai shara ƙarya ba, ya dai ɗauko maganar ta wutsiya.

Ban taɓa taka ƙauyenku ba, amma irin ɗakin da ka siffanta na ga 'yan'uwansa da dama tsakanin Vom da Pankshin. Ni Musulmi ne, mahaifina magini ne da ya baro Zariya ya zo nan a zamanin kuza, kuma a shekarun da na yi ina wannan sana'a na taɓa bangon masallaci, na taɓa na majami'a, na taɓa na ajin makaranta. Don haka abin da zan gaya maka na magini ne, na tauhidi sai ka nemi Rabaran ɗinku.

Haruffan nan huɗu sun riga sun gaya mini gidan da kuka fito. EKAS, wato Ekklesiyar Kristi a Sudan, tsohon sunan COCIN ke nan, ikilisiyar da ta tsiro daga aikin mishan ɗin SUM, wato Sudan United Mission (Sudan a nan tsohon sunan dukan wannan yanki ne na kudu da Sahara, ba ƙasar Sudan ba). Jagoran SUM, wani Bajamushe mai suna Karl Kumm, shi ne ya iso Wase a 1904 tare da abokan tafiya uku, suka kafa tasharsu ta farko a gindin dutsen nan. Ba su daɗe a can ba, hankalinsu ya koma wajen mutanen kan duwatsu, suka buɗe Langtang a 1907. Ku na wajen Mangu kuwa ba su ne suka fara zuwa muku ba. Mutanen CMS, mishan ɗin Anglikan, ne suka buɗe Panyam a 1907, daga baya Kabwir, sai a 1930 suka miƙa wa SUM aikin. Shekara huɗu bayan nan, a 1934, aka buɗe makarantar Gindiri don horar da masu bishara da malamai, a 1938 kuma aka naɗa fastoci uku na farko 'yan ƙasa: Toma Tok Bot, da Bali Falang, da David Lot na Panyam.

Ka lura da abu ɗaya a wannan lissafi. Turawan ba su da yawa, kuma a tasha suke zaune, inda akwai gidansu da ɗakin magani. Ƙauye irin naku abin da yake samu shi ne mai bishara, ɗan ƙasa, wanda ya yi Gindiri ya dawo da matarsa da fartanyarsa, yana noma abincinsa da kansa, da yamma ya tara yara da manya a gindin bishiya yana koya musu karatu da Hausa, tun da Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932. Tsarin SUM kuma shi ne ikilisiya ta tsaya da ƙafarta. Ba a aiko kuɗi daga Ingila don a gina wa ƙauye ɗakin sujada. In masu bi sun yi yawan da inuwar bishiya ta kāsa musu, ko damina ta kore su, sai a kira gayya: maza su haƙo ƙasa su kwaɓa da ƙafa, yara su jido duwatsu, mata su kawo ruwa da abinci. A nan kakarka ta shigo da tulunta. Mai yiwuwa Bature ya zo a kan keke ko babur ya duba, mai yiwuwa ma shi ya yi addu'ar buɗewa, shi ya sa sunansa ya manne a bakin mutane. Haka muke, in ka tambayi wa ya gina gada sai a ce gwamna.

Inda kawunka ya yi daidai shi ne fasali. Ɗakin kakanninku kago ne, zagayayye, da jinka. Ɗaki mai kusurwa huɗu, dogo, wanda kowa zai zauna ya fuskanci gaba, baƙon abu ne a kan dutse, daga tashar mishan aka gano shi. A ƙauyuka da yawa ɗakin sujada shi ne gini mai kusurwa na farko da aka taɓa yi. Kuma a nan ne abin yake burge ni, don mutanen da suka gwanance a kago sun haɗu da matsalar da ba su saba da ita ba. Bango zagayayye kansa yake riƙewa, kowane sashe yana tokare ɗan'uwansa, shi ya sa za ka ga rumbu mai bango siriri ya shekara da shekaru a tsaye. Miƙaƙƙen bango mai tsawo ba shi da wannan gata. Nauyin rufi yana tura shi waje, iskar farkon damina tana kaɗa shi. Maganin da suka samo biyu ne, kuma duka ka gan su da idonka: suka ƙara masa kauri har kamu guda, suka kuma yi masa tokara ta waje. Ka duba da kyau ko tokarar a saƙe take da bangon, ko kuwa manna ta aka yi daga baya. In akwai layi a tsakaninsu da wuƙa za ta shiga, to bangon ya taɓa ba su tsoro, suka tashi suka kai masa ɗauki.

Dutsen da ke ƙasa kuwa wayon mutanen Filato ne tsantsa. Mahaifina ya zo da ilimin tubali da azara da rufin soro, ya tarar ruwan nan ba irin na Zariya ba ne: daga Afrilu har Oktoba ana zuba shi, wani lokaci da ƙanƙara. Ya kan ce a Jos ba daga sama kaɗai ruwa ke cin gini ba, fantsamar da yake yi in ya daki ƙasa ita ke ƙwaƙule gindin bango. Mutanenku sun san haka tun kafin a haife shi, ga dutse kuma Allah ya zube musu shi a ƙofar gida. Suka ɗaga ƙasar daga inda ruwa ke kaiwa.

Tagogi masu tsini kwaikwayo ne na majami'un Ingila, inda ake ɗaure duwatsu su haɗu a sama kamar baka. Kafintan ƙauye ba shi da wannan, sai ya haɗa katako biyu kai da kai, ya sami tsininsa, magini ya cike gefe da ƙasa. Ni wannan ya fi mini daɗin kallo a kan tagar alminiyon da za ku saya. Cikin ɗakin kuma in ka ga ba ado, ba talauci ne kaɗai ba. Mutanen SUM ba masu son hoto da gunki ba ne, teburi da wurin wa'azi sun ishe su, saɓanin Katolika da suka sauka Shendam a 1907, waɗanda bagadi ne zuciyar ɗakinsu. Dakalan nan na san maza gefe guda suke zama, mata gefe guda, kuma in ka auna za ka tarar na gaba sun fi gajarta, na yara ne.

Sai batun shekaru, kuma a nan mutane suke yawan ruɗuwa. Rubutun saman ƙofa shekarun simintin yake faɗa, ba na bangon ba. Sunan EKAS ya zauna ne a shekarun 1950, tarayyar ikilisiyoyin ma, TEKAS, a 1955 aka kafa ta, a shekarun 1970 kuma aka cire Sudan aka sa Nijeriya. Ka ga simintinku yana tsakanin nan. Bangon yana iya zama sa'ansa, yana iya girme masa.

Ka sami tsani ka hau ka leƙa saman bango ta ciki, wajen da ya yi tsini a gaba da baya. Jinka tana son gangara sosai don ruwa ya zube da sauri, kwano kuwa a kwance-kwance ake ɗora shi don a rage katako. In ka ga alamar an datse tsinin, ko an cike gefensa da ƙasa mai wani launi dabam, ko ka ga ramukan da aka toshe inda gwangwala ta taɓa zama, to ɗakin ya yi rayuwa a ƙarƙashin ciyawa kafin kwano. Ina kyautata zaton haka za ka tarar. Kwano jirgin ƙasa ne ya kawo shi. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso Jos da Bukuru a 1914, babban layi ta Kafanchan ya iso a 1927, amma kamfanonin kuza da kantuna ne suka fara morarsa. Kafin ƙauye ya tara baikon acca da dankali ya sayi bandir ɗin kwano, an daɗe. Bari ma in gyara wani kuskure da nake yawan ji, wai kwanon rufi da kuzarmu aka yi shi. Ƙarfe ne aka tsoma a tutiya. A wancan zamanin kuzar tana tafiya Ingila, mu a sayar mana da kwano.

Tsagin nan na bangon gabas ma ka leƙa cikinsa da tocila, tun da sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, yau kai ne ƙadangaren. In ka ga ƙasar hawa-hawa ce, an ɗora wani kan wani da hannu ana bari ya sha iska, wannan hannun gargajiya ne. In kuwa bulo ne na ƙasa, masu kusurwa, girmansu ɗaya, to a cikin maginan akwai wanda ya ga yadda ake buga bulo da akwatin katako a tashar mishan ko a Gindiri.

Ƙararrawarku kada ku yar da ita ko da kun sayi lasifika. Ƙaramin layin nan na Zariya, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, an rufe shi a 1957 aka tuttuge ƙarafunsa, filayen kuza ma suna da nasu ƙananan layukan na tura kaya. In ƙarfenku siriri ne, bai kai na layin da ke Kafanchan kauri ba, daga ɗayan biyun nan ya fito.

Amma duk wannan dube-dube bai kai kakarka ba. Kada ka tambaye ta shekara, za ta ce maka ita ba ta yi boko ba. Ka tambaye ta: lokacin da kuke jidar ruwan nan, Sarauniyar Ingila ta zo Jos ko tukuna? Wannan 1956 ke nan. An sami 'yancin kai? 1960. Kin yi aure? Wa kike goyo ranar da aka buga kwano, kafin yaƙin basasa ne ko bayansa, da fam aka saya ko da naira? Naira ta shigo a 1973. Haka za ka yi ta matse shekarun har su rage 'yan kaɗan. Ka kuma tambaye ta ko akwai wata rumfa ko kago a wurin kafin wannan, don sau da yawa wanda ake kira na farko shi ne na biyu ko na uku. Daga nan sai ka bi ta gidan tsohon magatakardanku, irin mutanen nan ba sa yar da takarda, za ka tarar da littafin baftisma da na baiko a akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, in gara ta bar su. A zamanin Turawa kuma sai da iznin Di'o ake buɗe aji ko wurin sujada a ƙauye, irin takardun nan suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna. Hedkwatar COCIN tana nan Jos, kwalejin tauhidi ta TCNN tana Bukuru da ɗakin karatunta, duk hanya ɗaya ce in ka zo hutu.

Yanzu maganar tsagi. Ba kowane tsagi ne ajali ba. Ka kafa ƙusa biyu, ɗaya a kowane gefensa, ka auna tsakaninsu da tef, ka rubuta. Ka sa wani yaro mai hankali ya riƙa aunawa duk wata har damina ta wuce. In awon bai canja ba, tsohon ciwo ne da ya warke, sai a cike shi da ƙasa. In yana ƙaruwa, musamman in ya fi buɗewa a sama, to harsashi ne ke nutsewa ko rufi ke turi, sai a kira magini ya gani da ido, kuma kafin ya zo kada a tara yara a ciki. Ka duba ko ruwan kwano yana zuba a gindin bangon nan, ko akwai gidan gara kusa, ko saiwar mangwaron ta kai can. Yawancin lokaci lambatu ɗaya da aka haƙa ya janye ruwa, da ƙara tsawon bakin kwano, sun gama maganin.

Abin da nake roƙonka da girman Allah, kada ka bari a yi wa bangon nan filastar siminti. Na yi wannan kuskure da hannuna ina saurayi. An ba ni gyaran wani tsohon ginin ƙasa, ina ji da kaina na koyo aikin zamani, na lafta masa siminti ciki da waje, ya yi sumul, aka yi ta sa mini albarka. Damina uku aka yi. Ƙasa numfashi take yi, tana shan laima tana fitarwa, ni kuwa na toshe mata hanci. Ruwa ya shiga ta 'yan tsage-tsage ya rasa hanyar fita, bangon ya ruɓe a ɓoye, rannan filastar ta ɓanɓaro faifai guda, rabin bangon ya biyo ta. Mahaifina bai ce mini uffan ba, ya dai tafi ya tsaya yana kallon wurin, wannan ya fi mini zafi a kan mari. Ƙasa da ƙasa ake yaɓe ta. A kwaɓa da ciyawa da kashin shanu, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, in da hali a shafe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, sannan a bi da farar ƙasa.

Ko ya cancanci a bar shi? A bar shi. Ba zan ruɗe ka in ce gwamnati za ta zo ta kafa masa allo ba. Bai kai majami'ar Wusasa ba, wadda aka gina da ƙasa a fasalin ginin Hausa a 1929, kuma tana nan tsaye. Amma ka zo gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, ka zaga baya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya na Babban Gwani Muhammadu Durugu. Mutane suna biyan kuɗi su kalli kwaikwayon ginin ƙasa, ku kuwa kuna da na ainihi, wanda mai jidar ruwansa tana raye, kuna shawarar kai masa diga. Tun daga 2001 ɗakunan ibada nawa wuta ta ci a ƙasar nan, namu da naku? Wanda ya tsira bai kamata a ce masu shi ne suka kwantar da shi ba.

Sai dai ka iya bakinka a gaban dattawa. In ka tashi ka ce tarihi, za su ce ɗan Abuja ya zo da iyayi, shi yana sujada a ƙarƙashin fanka yana so mu zauna a kan dakali. Kuma suna da hujja, tsoho mai ciwon gwiwa ba ya son dakali. Ka yi musu lissafi kawai. Rushewa kuɗi ce, kwashe ƙasar kuɗi ne, kuma ba bulo ɗaya da za a mora daga ciki. Sabon gini irin na gudummawa ba ya ƙarewa a shekara ɗaya, a ina za a yi sujada kafin a rufa shi? Bayan an gama kuma za ku nemi ajin makarantar Lahadi, da inda zumuntar mata za su riƙa koyon waƙa su ajiye tulunansu, da wurin addu'ar asuba ta mutum goma. Ga shi nan a gine, da rana sanyi, da hunturu ɗumi. Fili ba ya wuya a ƙauye. A ja sabon gefe, a bar taku ashirin a tsakani, kuma a lura kada ruwan sabon rufin ya riƙa sauka ta wajen tsohon.

In ka je gida Kirsimeti, ka ɗauki hoton kowane bango ciki da waje, ka auna tsawo da faɗi ka zana a takarda, ka aiko mini ta hannun edita in gani. Ka zauna da kakarka ka kunna rikoda a wayarka, ka bar ta ta yi da yarenku, kada ka katse ta. Kafin ka tashi ka tambaye ta ramin da maza suka haƙo ƙasar, ko da ya zama kududdufi ko gonar wani yanzu. Ƙasar yaɓen daga can za ku ɗebo, ita ce za ta kama bangon.